Auta Ya Fi Legas Kusa

Yau kwana hamsin da biyu da rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta da rahama. Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, an naɗe tabarmin ƙofar gida, ni ma na koma tasha. Matata Hindatu ce ta matsa mini in rubuta yadda jinyar ta kasance. Ta ce tunda na kasa amayar da abin da baki, kullum ina zaune ina ajiyar zuciya, gara in zuba shi a takarda, ko wani mai ɗan'uwa a nesa zai karanta ya kiyaye. Ni ba malami ba ne. Sunana Lawali, direba ne ni a Jibiya, shekara ashirin da biyu ina riƙe da sitiyari. Da manyan motoci na fara, ina kai shanu Legas, yanzu kuwa ƙaramar mota nake ja tsakanin Jibiya da Maraɗi, wata rana in leƙa Katsina.

Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan Inna: ni na fari, sai Nasiru, tsakaninmu shekara goma sha huɗu. Ni Inna ba ta taɓa kama sunana ba saboda kunyar ɗan fari, in za ta kira ni sai ta ce "mai mota". Nasiru kuwa Auta take ce masa, kuma ba ta ɓoye wa kowa cewa shi ne nata. Shekara huɗu da suka wuce wani ɗan kasuwa ya tura shi Guangzhou, a ƙasar Sin, ya riƙa saya masa kayan babur yana lodowa. Inna har ta koma ga Allah ba ta iya faɗin sunan garin ba, "can wajensu" take cewa.

Ana gobe zai tafi ta ƙi cin tuwo. Nasiru ya zaro wayarsa ya ce bari ya nuna mata ba bangon duniya za shi ba. Ya danna, sai ga wani layi miƙaƙƙe a kan taswira daga Kano zuwa Guangzhou. A ƙasa an rubuta kusan kilomita dubu goma sha ɗaya, in jirgi ya miƙe kuma awa goma sha uku. To direba da awa yake auna hanya. Kilomitan ba su shige ni ba, awannin na cafke, na tuntsire da dariya.

"Inna, awa goma sha uku hwa! Ni da nike kwana biyu bisa hanya kahin in kai Legas? Ai Auta ya hi Legas kusa. In kin kira shi da asuba, da shi za a yi isha'i."

Ta share ido da gefen zane ta ce, "Da gaske kake, mai mota?"

Na rantse mata. Ta jawo kwanon tuwo ta ci. Daga ranar maganar ta zauna a gidanmu, in baƙuwa ta tambayi Nasiru sai Inna ta ce, "Ai ya hi Legas kusa." Da ya isa ya gaya mana an sauke su a Habasha sun jira wani jirgin, amma na ɗauka irin tsayawar da nake yi ce a kan iyaka a Ɗan Isa, a duba takardu a ɗaga maka sanda. A kaina filin jirgi tasha ce: ka zo da jakarka, ka biya, in ya cika ya tashi. Ban taɓa tambaya ba, saboda ina ganin ba wanda zai koya mini hanya.

Ciwon ya fara ne da takalmi. A makon farko Inna ta ce silifas ɗinta sun matse ta, ta zargi Hindatu da musanya mata. Da muka duba sai muka ga ƙafafun ne suka kumbura, in ka danna da yatsa ramin ya daɗe bai cike ba. Ita dai ta daɗe da hawan jini, amma ta ajiye maganin asibiti tun bara, wai yana sa ta yawan fitsari. Abin da ba ta ajiye ba shi ne ƙwayoyin ciwon gwiwa da take saya wajen masu talla a bisa babur, ja da rawaya a ƙulle cikin leda, biyu da safe biyu da yamma, shekara da shekaru. Ina gani da idona, wani lokaci ma ni nake saya mata. Na je kemis na kwatanta kumburin, aka ba ni maganin da zai sa ta fitsari, na ce shi ke nan.

Mako na biyu kumburin ya hau fuska, idanunta suka ƙanƙance. Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinmu, ta taso daga Bugaje da ƙullin sassaƙe da jar kanwa. Gwaggo irin matan nan ce da ba a taɓa kawo ciwon da ba ta san wanda ya warke da shi ba. Ta ce sanyi ne ya taru, a dafa a sha kofi uku a rana. Inna ta sha kwana huɗu, a na biyar ta fara amai, ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo. Fitsarin kuma ya ragu ƙwarai. Gwaggo ta ce ai maganin ne yake aiki, yana fitar da dattin. Hindatu ta ja ni gefe ta ce in ban kai Inna asibiti ba, ita za ta tare babur ta kai ta.

A mako na uku muka je asibitin nan garin, suka auna jininta suka ce mu wuce Katsina. 'Yan tasha kuma suka ce a'a, Maraɗi ta fi, likitocin can sun fi duba mutum. Na ɗauke ta na ƙetara. Ba zan manta da alherin ma'aikatan kan iyaka ba, na nan da na can, da suka leƙo suka ga tsohuwa kwance a kujerar baya, ba wanda ya tsayar da ni, sai "Allah shi ba ta lahiya, direba". A Maraɗi aka yi gwaji, likitan ya yi magana da Faransanci, wata ma'aikaciya ta fassara mana: ƙoda ce, kuma tunda gidanmu ya fi kusa da Katsina, mu je can a fara wanki. Wuni guda muka ɓatar don mu ji abin da aka riga aka faɗa mana a gida.

Katsina kuwa sai wanda ya je. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin gwajin jini daban, kowanne sai ka yi sammako. Inna tana kwance a kan tabarma a baranda, Hindatu tana yi mata fifita, ni ina yawo da takardu daga wannan taga zuwa waccan. Akwai wanda na yi wa sallama sau uku bai ɗaga kai ba, na ce a raina in na tarar da kai a bakin hanya da rana tsaka za ka san direba. Akwai kuma wata ma'aikaciyar jinya da ta bar abincinta ya huce ta nemo mana keken tura mara lafiya. Sunanta ma ban tambaya ba, Allah ya saka mata.

Farkon mako na huɗu aka sa mata bututu a wuya aka fara wankin ƙoda. Sai da aka nemi jini, kuma direbobi huɗu daga tasharmu suka bar lodi suka zo suka bayar, har da wanda muka yi wata biyu ba ma gaisawa a kan layin fasinja. Bayan wankin farko likitar ta kira ni ofis. 'Yar gajeriya ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta ce in zauna, na ce na fi son tsayuwa.

"Malam Lawali, ƙodojin nan sun gaji. Wankin ba ya warkarwa, kwana yake saya mata, kuma zuciyarta ba ta da ƙarfin da za ta daɗe tana ɗauka. In akwai wanda take son gani, kada ku jira."

Haka ta faɗa, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Na fito na tsaya a gindin wata dalbejiya da waya a hannu, lambar Nasiru a buɗe. Sai na maido wayar aljihu. Na ce a raina, ai awa goma sha uku ne, in na ga abin ya yi tsanani sai in kira shi da safe, ya kwana a gida.

Da na gaya wa Gwaggo abin da likita ta ce, sai ta ƙara mini ƙarfi. "Kak ka hwaɗa mishi. Yaro shina ƙasar wasu, ba uwa ba uba, mi za shi yi in ba kuka ba? Matahiyi ba a tada mishi hankali. Likita ba Allah ba ce." Haka muka taso muka tarar, wanda yake nesa ba a jefa masa mugun labari, ana tauna masa shi ne kaɗan-kaɗan. Amma ba zan ɗora wa Gwaggo duka ba, akwai nawa a ciki, kuma shi ya fi ci mini rai. Nasiru ne yake aiko abin da ake wankin da shi. Na yi tunanin in ya taso, aikinsa ya tsaya, wa zai riƙe mu? Wannan ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Saboda haka kullum ya kira sai in ce, "Da sauƙi." Ya san ana zuwa asibiti, amma na ce masa hawan jinin ne ya motsa, ana ba ta kulawa. In ya ce a kunna hoto ya gan ta, sai in ce kyamarar wayata ta fashe. Hindatu kuma na hana ta ɗaga kiransa. Inna kanta in na kara mata wayar sai ta tattaro murya ta ce, "Lahiya lau nike, Auta, ka ci abinci?" Ta gama ta koma ta kwanta tana haki. Wata rana ya ce, "Yaya, mi zan aiko mata? Akwai mai zuwa Kano." Na ce kada ya wahalar da kansa, ƙafarta ce kawai ta ɗan kumbura, takalmi ba ya shiga.

Mako na biyar mun saba da hanya. Litinin da Alhamis in kwantar da kujerar gaba, in jera filo, mu kama hanyar Katsina. Ni da aka sani da gudu a tasha, sai ga ni ina lallaɓa rami ɗaya-ɗaya, masu babur suna wuce ni suna dariya. Awa huɗu take yi a kan injin, wata rana kuma mu tarar injin ɗaya ya lalace, mu zauna har la'asar. A gida Hindatu ce da aikin. Ita ke auna mata ruwan sha da murfin fulas, don an ce kada ya wuce ƙima, ita ke shafa mata man kaɗe saboda ƙaiƙayin da ya hana ta sukuni, ita ke wanke ta. An hana gishiri, Inna ta ɗanɗana miya ta ture ta ce, "Mi na yi muku za ku ba ni tuwon gidan yari?" Hindatu ta yi dariya, ta fita tsakar gida ta yi kuka.

A makon nan ne Inna ta ɗauko wata tambaya. Kullum in na shigo gaishe ta bayan azahar sai ta ce, "Mai mota, yanzu can wajensu ƙarhe nawa?" Ni kuma in ƙara awa bakwai in ce, "Sun yi isha'i, Inna." Sai ta ce, "To." Gobe ma haka. Har na fara jin daɗi wai hankalinta yana nan daram, tunda tana bin agogo. Hindatu ce ta tare ni a zaure.

"Baban Amira, kai ba ka gane ba? Inna ba agogo take tambaya ba. Ɗanta take so. Ba za ta buɗe baki ta ce maka a kira shi ba, kai ne babba, kunyarka take ji."

Na hau ta da faɗa. Na ce tun tana goye nake hanya, ba ita za ta gaya mini lokacin da za a taso da matafiyi ba. Na ce Nasiru ya fi Legas kusa. Ta dube ni ta ce, "Allah ya sa," ta shige ciki.

Tsakiyar mako na shida Nasiru ya kira da wata magana da na ɗauka ƙarama ce. Ya ce izinin zamansa ya kusa ƙarewa, gobe zai kai fasfo a sabunta masa, kuma yakan yi mako guda ko fiye a hannunsu.

"Yaya, ba wata matsala dai ko? In akwai, in dakata, ina da sauran 'yan kwanaki."

Da bakinsa ya tambaye ni. Inna tana ɗaki tana shaƙuwa tun safe, ina jin ta daga inda nake tsaye. Na matsa can bakin ƙofar gida don kada ya ji, na ce, "Kai abinka, da sauƙi."

Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe ta, wajen bututun ya yi ja ya kumbura. Muka koma Katsina aka ba ta gado, aka yi allurai. Da ta ɗan farfaɗo da hantsi sai ta ce ita an gama wanke ta, a kai ta ɗakinta. Likitar ba ta yi musu ba, ta dai dube ni ta saman tabarau ta ce, "Wanda take son gani ya zo?" Na sunkuyar da kai. A mota, mun baro Katsina kaɗan, sai na ji an ce, "Lawali." Na kusa sakin sitiyari. Shekarata arba'in da huɗu ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

"Lawali, kira mini Auta. Ka ce in an kira shi da sahe, da shi za a yi isha'i. Yau mun makara, to shi zo gobe." Ta juya wajen Hindatu ta ce, "Ki jiƙa gero, shina son hura mai yaji."

Na gangara gefen titi na kira shi. Ranar kwana goma sha tara ke nan da maganar likita. Na faɗa masa komai a tsaye, manyan motoci suna wucewa suna kaɗa mini riga. Da na gama sai ya tambaye ni.

"Yaya, tun yaushe?"

Na faɗa masa.

"Hwasfona shina hannunsu. Na tambaye ka, Yaya. Na tambaye ka."

A nan na fara sanin abin da layin nan na taswira bai nuna ba. Ba jirgin da yake tashi daga Guangzhou ya miƙe Kano, layin na tsuntsu ne. Mutum ba ya fita ƙasar ba fasfo, kuma ofishin ba tasha ba ce da za ka roƙi shugaba ya sa ka a motar gaba. Nasiru ya yi ta zarya yana nuna musu takardar asibiti da na ɗauka a waya na tura masa, duk da haka sai da aka kwana shida. Da fasfon ya fito kuma sai kujera ta yi wuya, lokacin 'yan kasuwa ne, jiragen sun cika, wadda ya samu ta bayan kwana uku ce. Ni da nake cewa ana biya a hau, sai ga ni ina ƙirga kwanaki da yatsu.

Kwanakin nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Kullum da safe Inna ta ce, "Ya taso?" in ce, "Shina hanya." Hindatu ta dama fura kwana uku a jere, tana tsami ana ba yara, a na huɗu Inna da kanta ta ce a bari. Ba ta taɓa ce mini na yi mata ƙarya ba. Sau ɗaya dai ta ce, a hankali, "Ashe Legas ta hi kusa." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Yanzu kuma da na kunna hoton, Nasiru ya ga fuskar da na ɓoye masa mako shida, ita ce ma ta koma lallashinsa. Daga kwana na bakwai ta daina gane mutane sosai, barci ya yi yawa, numfashinta yana wani irin wari da ban taɓa ji ba.

Ranar kwana na goma, bayan sallar asuba, ya kira daga Habasha. Ya yi awa goma sha ɗaya a sama, yana jiran jirgin Kano. Na kara mata wayar a kunne. Ya ce, "Inna, ga ni nan, na yi rabi, yau da ni za a yi magariba." Ba ta yi magana ba, amma yatsunta sun motsa a hannun Hindatu, mu duka mun gani. Wajen ƙarfe takwas ya turo saƙo cewa sun shiga jirgi zai kashe waya. Takwas da rabi Inna ta cika, Hindatu tana laƙƙana mata kalmar shahada, ni ina riƙe da ƙafafunta.

Na roƙi a jira shi. Na ce yana sama, da yamma zai iso. Liman ya ce haƙƙinta ne a gaggauta, matan da suka yi mata wanka kuma suka aiko cewa jikin ya kumbura da ruwa, ga zafin bazara, ba zai kai yamma ba. Ba ni da bakin musu, ni da na riƙe kwana goma sha tara a aljihu, yanzu nake roƙon awa bakwai. Ƙarfe goma sha ɗaya muka rufe ta.

Ɗaya da 'yan mintuna wayata ta yi ƙara ina zaune a tabarmar gaisuwa. Na tashi na shiga zaure, Gwaggo ta biyo ni tana yarfa hannu, tana raɗa, "Shina bisa hanya, kak ka hwaɗa."

"Yaya, na sauka Kano. Ya jikin Inna?"

Na ce, "Da sauƙi. Ka taho a hankali, zan tare ka Katsina."

Wannan ce ƙaryata ta ƙarshe, kuma ita ce har gobe ta fi damuna.

Na same shi a tasha bayan la'asar, ya rame, da jaka ɗaya a kafaɗa. Ya shiga gaba, kujerar da Inna take kwanciya, filonta ɗaya ma yana nan ban cire ba. Ya yi ta tambaya, tana cin abinci, tana gane mutane, ni ina cewa "uhm" ina kallon titi. Sau uku na buɗe baki na kasa. Da muka shigo Jibiya muka zo mararrabar da ake karyawa dama zuwa gida, sai na karya hagu. Nasiru a garin nan aka haife shi, ya san inda hanyar take zuwa. Ya dafa gaban motar da hannu biyu, ya ce, "Innalillahi," bai ƙarasa ba.

Ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba. Ya durƙusa ya daɗe yana addu'a, ni ina tsaye a bayansa. Da ya shafa sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ƙarhe nawa?" Na ce takwas da rabi. Ya duba agogonsa, biyar da rabi. Ya ce, "Awa tara." Har ya koma bai ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya.

A gida, bayan magariba, ya buɗe jakar ya fito da wani ƙunshi ya miƙa wa Hindatu. Takalma ne masu laushi, masu faɗi, da maɗauri a sama da ake buɗewa a daidaita da kumburin ƙafa. Ya ce tun ranar da na ce ƙafa ce kawai ya shiga kasuwa uku kafin ya same su, mai zuwa Kanon ne ya fasa tafiya. Suna nan a ɗakin Inna a cikin ledarsu, ba wanda ya iya sawa, ba kuma wanda ya iya bayarwa.

Ga wanda ya karanta, ƙafar tsoho in ta kumbura, a kai shi a auna jini da fitsari tun a makon farko. Ƙwayoyin nan na leda a raba shi da su ko zai yi fushi. Ban ce da na yi haka Inna za ta wuce kwananta ba, kwana na Allah ne. Amma ganin ɗanta yana cikin abin da aka bar a hannuna, ni na hana. In kana da ɗan'uwa a wata ƙasa, ranar da likita ya ce a kira shi, a ranar za ka kira, ka faɗa masa yadda aka faɗa maka, shi ya san hanyarsa ya san takardunsa. Ina godiya ga 'yan tasha da suka ba da jini, da likitar da ta gaya mini gaskiya ban ɗauka ba, da Gwaggo da ta kwana arba'in a gidan tana karɓar gaisuwa, duk da har yanzu tana cewa sassaƙen ba a sha shi daidai ba ne. Hindatu kuwa ba ni da abin da zan biya ta, sai dai Allah.

Bayan sadakar arba'in ni na kai Nasiru filin jirgi a Kano. Wannan karon na duba agogo tun daga ƙofar gidanmu har ya turo saƙo ya shiga ɗakinsa: awa ashirin da tara, da fasfo a hannu, da tikiti a aljihu. Muna waya duk Juma'a, ba mu yi faɗa ba, yana gaishe ni da ladabi kamar da. Sai ya ce, "Yaya, ya gida, ya yara?" In ce, "Lahiya lau, kowa lahiya."

Sai ya ce, "To. Ba ni Hindatu."